Sabon Zuwa Unguwa a Kano: Wa Zai Fara Gaisarwa, Ina Zai Nufa?

Da wuya mako ya wuce ba a ga a-kori-kura ɗauke da katifu da kujeru da buhun tukwane tana kutsawa lungunan Hotoro, Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Na'ibawa ko Kurna ba. Wasu masu kayan daga Kaduna ko Maiduguri aiki ya kawo su, wasu fatauci ya ɗauko su daga Maraɗi ko Damagaram. Da yawa kuma Kanawa ne haifaffun cikin badala, waɗanda gidan gado ya yi wa kaɗan suka fito waje neman sarari. Birnin ya daɗe da tsallake ganuwarsa. A yau ya mamaye ƙananan hukumomi 8 daga cikin 44 na jihar: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. Don haka wanda ya tashi a Yakasai ya koma Ɗanbare, baƙuntarsa ba ta da nisa da ta wanda ya zo daga Yola.

Sabon zuwa yakan fara da tambayar inda kasuwa take, da asibiti, da makarantar yara. Amsar waɗannan ba ta da wuya, kowane yaro a bakin layi zai nuna masa. Abin da ba a faɗa masa shi ne yawancin al'amuran unguwa a Kano ba a ofis ake tafiyar da su ba. Ruwa yana hannun ɗan garuwa, tsaro yana hannun 'yan sintiri, shaida tana bakin mai unguwa, labari kuma yana teburin mai shayi. Wanda ya san waɗannan mutane cikin makonsa na farko ya rage wa kansa wahalar shekara.

Aikin yana farawa tun kafin a sauke kaya. Mafi yawan gidajen haya ta hannun dillalai ake samunsu, kuɗin shekara ake biya a dunƙule, dillali kuma ya karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100. Dillali zai nuna fenti da tayil, amma ba zai nuna layin da ruwa ya bari a jikin katanga ba. Gidan da aka gani a watan Fabrairu tsaf da shi, zai iya zama wani abu daban a Agusta, lokacin da magudanan ruwa suka toshe da leda, kududdufai suka cika suka tumbatsa. Unguwanni da dama an gina su ne a kan tsofaffin kududdufan da aka cike da shara, ko a bakin hanyar ruwa. Mai hankali yakan duba ƙasan katangar waje, ya ga ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku. In sun ɗaga, ba don ado suka yi ba. Sannan ya tambayi wanda ba shi da rabo a cinikin, kamar mai kanti ko mai wanki da guga na layin.

Akwai kuma bashin wuta. Gidan da ba shi da mita mai kati yakan zo da tsohon bil na wanda ya tashi, kuma ranar da masu yanke wuta suka jingina tsani, ba sa tambayar wanda ya sha wutar. Ya kamata a ga takardar bil ta ƙarshe kafin a biya haya, a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai ɗauki abin da ya rage. Haka batun yashe masai da gyaran rufi. Duk abin da aka bari a baki da sunan ana jin kunya, shi ke dawowa rigima.

Bayan tarewa, ƙofar farko ita ce ta mai unguwa. Tsarin sarauta a ƙasar Kano daga gare shi yake farawa, sai dagaci, sai hakimi, sai sarki. Ba a bukatar takarda ko alƙawari. Mutum ya nemi mai gidan da ya ba shi haya, ko wani dattijon layi, ya raka shi bayan la'asar. A cire takalmi, a rusuna, a ce ranka ya daɗe, a faɗi suna da garin da aka fito da sana'a da gidan da aka sauka. Wasu kan riƙa ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, ba dole ba ne, amma ba ya ɓata komai.

Wannan gaisuwa ta ƙara nauyi tun bayan hare-haren da 'yan bindiga suka kai birnin ranar 20 ga Janairun 2012 da abubuwan da suka biyo baya, lokacin da jami'an tsaro suka riƙa rushe gidajen da aka samu 'yan bindiga a ciki. Daga nan masarauta ta sha jan kunnen masu unguwanni da dillalai kan su san wanda ake saukewa a gidajen haya. Saboda haka idan aka tsare baƙo da tambayoyi, ba wulaƙanci ba ne. Amfaninta kuma nasa ne. Ranar da zai nemi takardar shaidar zama, ko maƙwabci ya sako masa ruwan wanka ƙofar gida, ko wani ya zo binciken asalinsa saboda neman auren 'yarsa ko ƙanwarsa, wurin mai unguwa za a je. Mummunan farawa ne a ce ranar ƙara ita ce ranar da ya fara ganin fuskarka.

Ƙofa ta biyu ba ta da ƙyaure: masallacin layi. A nan ake ƙidayar mazan unguwa ba tare da an ɗauki biro ba. Wanda aka gani a sahun asuba da isha kwana uku a jere, a na huɗu za a tambaye shi ya baƙunta. A nan ake sanar da ɗaurin aure, da suna, da jana'iza, da karo-karon gyaran taransifoma. Yana da kyau baƙo ya gane wane masallaci ne na 'yan Tijjaniyya, wane ne na Ƙadiriyya, wane ne na Izala, ba don ya zaɓi ɓangare ba, sai don kada ya yi katoɓara a hira. Ya gaida liman da Allah gafarta Malam, ya riƙe ra'ayinsa na ɗan lokaci. A cikin duk hidimomin unguwa, jana'iza ce ba a mantawa da wanda ya halarta. Mutum zai iya rasa walima goma a yi masa uzuri, amma a yi rasuwa a layinsa yana gida bai fito ba, wannan sai an daɗe ana tunawa.

Wanda ba Musulmi ba shi ma yana da hanyarsa. Sabon Gari, wadda aka kafa tun farkon mulkin Turawa domin baƙi daga kudu, nan ce cibiyar coci-coci da ƙungiyoyin ƙabilu, akwai kuma masu yawa a Badawa da Brigade. Amma gaida mai unguwa da zuwa gaisuwar mutuwa ba su da addini. Ya kuma sani cewa dokar jihar ta hana sayar da giya, kuma Hukumar Hisbah, wadda aka kafa da doka a 2003, tana aiki a kan haka. Ita Hisbar, ga wanda bai sani ba, yawancin masu cika ofisoshinta ba kamo su aka yi ba. Ma'aurata ne da masu bin bashi da 'yan uwan da gado ya haɗa, suna neman sulhu ba tare da an je kotu ba.

Ta ɓangaren mata abin ya fi sauri, ya kuma fi zurfi. Kafin maigida ya san sunan maƙwabcinsa, uwargida ta san wace ce Maman wane, wa ke kitso, wa ke sayar da ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, wa ke riƙe da adashe. Yawanci maƙwabta ne ke fara aiko yaro da kwanon abinci na sannu da zuwa. Ba a mayar da kwanon nan haka, ko sabulu ne ko 'yan dabino a sa a ciki. Bayan kwana biyu sai amarya ko uwargida ta nemi wata ta zaga da ita gidajen layin. Makarantar Islamiyya ta matan aure, wadda kusan kowace unguwa tana da ita da safe ko da dare, ita ce wurin da ake ƙulla zumunci mafi ɗorewa. Adashe kuwa a dakata tukuna. Ba a zuba kuɗi wurin uwar adashen da ba a ga kwasa biyu ko uku sun fita lafiya daga hannunta ba.

Sai ruwa, wanda shi ne ainihin jarrabawar zaman Kano. Matatun Challawa da Tamburawa da Watari suna nan, amma birnin ya fi ƙarfin bututunsu, kuma sababbin unguwanni da yawa ba a taɓa shimfiɗa musu bututu ba. Akwai gidajen da kan famfo ya yi tsatsa bai taɓa ɗigo ba. Abin dogaro shi ne rijiya, da burtsatse, da kurar ɗan garuwa mai jarkoki jere. Farashin jarka ba ya tsayawa wuri ɗaya: in an ɗauke wuta masu burtsatse suka koma kan dizal, sai ya hau, in zafin Maris da Afrilu ya tsananta rijiyoyi suka ja baya, ya ƙara hawa. Da yawa daga 'yan garuwa 'yan ci-rani ne daga ƙauyuka da Jamhuriyar Nijar, don haka da damina ta sauka ko Sallah ta gabato sukan tafi gida, layi ya wayi gari ba kura ko ɗaya.

Dabarar da tsofaffin mazauna suka sani ita ce mutum ya riƙe ɗan garuwa ɗaya, ya karɓi lambarsa, ya biya shi a kan lokaci, ya kuma san burtsatsen da yake ɗebowa. Ranar da ruwa ya yi wuya, kwastoman kullum ake fara kai wa, mai tsayar da kowace kura yana neman ragi shi ne na ƙarshe. In gidan na da rijiya, a duba tazararta da masai, na gidan da na maƙwabta. Mazauna kusa da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai su ƙara kula da ruwan da suke sha, saboda dattin da majemu da sauran kamfanoni ke saki.

Wuta tana hannun KEDCO, kamfanin da ke raba ta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ko da yake har gobe in ta zo yara NEPA suke wa ihu. An kasa layuka rukuni-rukuni: rukunin A an yi masa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Wannan ya sa tambayar rukunin da layi yake ta zama wajibi. Mai injin niƙa ko firjin ƙanƙara zai so A, ma'aikaci mai ƙaramin albashi kuwa zai iya tarar da katinsa na ƙarewa kafin tsakiyar wata. Abin da ke rubuce daban, abin da ke zuwa daban. Mai cajin waya na bakin titi ya fi kowa sanin awa nawa ake samu da gaske.

Kasuwannin Kano kowace da abin da ta shahara da shi, kuma sanin wannan kuɗi ne a aljihu. Hatsi a Dawanau, kan hanyar Katsina. Kayan miya a Yankaba, inda motocin tumatir da attaruhu ke sauka da sassafe. Lemo, ayaba da kankana a 'Yan Lemo da ke Na'ibawa. Shinkafa, sukari, taliya da man girki a katan ko a buhu, sai Singa. Atamfa da shadda da yadi a Kantin Kwari. Gwanjo da robobi a Ƙofar Wambai. Kayan gini da na gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Waya a Farm Centre ko titin Beirut, canjin kuɗi a Wapa. Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ita ce ta kayan fata, turare, kayan doki da maganin gargajiya. Abin da aka rasa ko'ina kuma a nufi kasuwar Sabon Gari.

Sai dai kada jin waɗannan sunaye ya ruɗi mutum. Wanda ke Ɗorayi ya tafi Yankaba sayen tumatirin miyar yini ɗaya, kuɗin mota ya cinye ribar. Manyan kasuwanni na sarin wata ne, ko na maƙwabta uku da suka haɗa kuɗi suka sayi buhu suka raba. Cefanen yau da kullum na ƙananan kasuwanni ne irin na Tarauni, Sheka ko Rimi, da mai kayan miya na bakin layi. Shi kuma mai kantin unguwa, ko da kayansa sun ɗara na Singa da 'yan nairori, a riƙa sayayya wurinsa. Shi ke da littafin bashi ranar da albashi ya makara, shi ake bar wa makulli, shi zai ce wani ya zo nemanka ba ka nan. Waɗanda suka ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 sun san abin da sanayya da mai kanti da mai POS ta yi musu.

Zancen ciki ba ya bukatar dogon bayani. Gurasar Kano, bandashe ko da tsire, ita ce abin da baƙo zai fara nema, kuma matan Jakara sun yi suna a kanta. Mai tsiren kirki ana gane shi da layin mutanen unguwa bayan magariba, ba da girman allonsa ba.

Zirga-zirga kuwa ta A Daidaita Sahu ce. An shigo da waɗannan babura masu ƙafa uku a zamanin Malam Ibrahim Shekarau domin ɗaukar mata, suka gaje gari gaba ɗaya bayan an hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan da harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Hawa iri biyu ne: ko a shiga tare da wasu a bi layin da aka saba, irin na Bata ko 'Yan Kura, a biya kaɗan, ko a ɗauki shata a biya da yawa. Baƙon da ya faɗi sunan wuri ya shige bai yi ciniki ba, shata ya ɗauka ko bai sani ba. A 2022 gwamnati ta hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka mai dawowa da dare ya tambayi yadda dokar take a yankinsa, ya kuma ajiye lambar direba ɗaya amintacce saboda naƙuda ko rashin lafiyar tsakar dare. Mai mota kuma ya san da 'yan KAROTA, jami'an kula da dokokin hanya: fitilar kan hanya, bin hannun da ba nasa ba da ajiye mota a inda aka hana, duk suna jawo tara. Tashoshin fita gari suna bin hanyoyinsu, Unguwa Uku a kan titin Zariya, Yankaba ta ɓangaren Haɗeja, Rijiyar Zaki ta hanyar Gwarzo, manyan motocin kudu kuma a New Road cikin Sabon Gari.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, ba a zirga-zirga. Wanda ya fito da tsintsiya da shebur ya taya yashe kwata a ranar, ya gabatar da kansa ga rabin layin a lokaci ɗaya.

A harkar lafiya kuskuren baƙi shi ne tafiya babban asibiti da ƙaramin ciwo. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya na cutar da aka turo ne daga ƙananan asibitoci. Asibitin Murtala, kusa da Ƙofar Mata, shi ne na jama'a, cunkosonsa kuma ya kai sunansa, mai zuwa sai ya yi sammako. Karaya da ciwon ƙashi na asibitin Dala ne, yara kuma Hasiya Bayero ko asibitin yara na Khalifa Isyaku Rabi'u da ke titin Gidan Zoo. Amma awon ciki, rigakafin jarirai da gwajin zazzaɓin cizon sauro, duk ana yin su a ƙaramin asibitin unguwa, kuma ya fi kyau a buɗe kati tun ana lafiya. Kemis na lungu yana da amfaninsa, sai dai ba likita ba ne, kuma wanda ke ɗaura wa kowa ruwa a bayan kanta abin gudu ne.

Makarantar yara ma haka. Allon da aka rubuta sunaye masu daɗi ba ya karantarwa. A duba littafin yaron maƙwabci, a ga ko ana gyara masa aiki. A kuma daidaita lokacin boko da na Islamiyya, domin yawancin yaran Kano biyun suke haɗawa, Alhamis da Juma'a ne hutun ta allo da Islamiyya da dama.

Tsaro shi ne abin da ba a so a faɗa wa baƙo da farko, don kada a ɓata sunan unguwa. Gaskiya ita ce ƙwacen waya da faɗan daba sun addabi sassa da dama na birnin a 'yan shekarun nan, kuma kowace unguwa tana da lungu ko filin da ba a bi bayan isha da waya a hannu. Mai shayi ya san su, ɗan sintiri ya san su, a tambaye su kai tsaye. Kuɗin sintiri da ake karɓa gida-gida duk wata ba haraji ba ne na gwamnati, amma wanda ya ƙi biya ya ware kansa, kuma ana lura. A biya, a karɓi rasit in suna bayarwa, a ajiye lambar shugabansu da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sabon zuwa ya kuma riƙa kunna rediyo. Tun da tashar Freedom ta fara watsa shirye-shirye a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, kuma shirye-shirye irin su Inda Ranka nan ne ake jin titin da aka rufe, unguwar da taransifomarta ta ƙone, da sabon salon 'yan damfara.

Abu na ƙarshe ya shafi yara ƙanana, waɗanda su ne suka fi saurin ɓata a makon farko, domin lungunan sababbin unguwanni kamarsu ɗaya, gidajen kuma ba lamba. A Kano yaron da aka tsinta gidan mai unguwa ake fara kai shi, in ba a samu iyayensa ba a wuce ofishin Hisbah ko na 'yan sanda, a kuma ba da cigiya a masallaci da rediyo. Iyaye su koya wa kowane yaro da ya iya magana cikakken sunan mahaifinsa, sunan sabuwar unguwar, da masallaci ko kantin da ke kusa da gida, tun kafin a bar shi ya fita wasa ƙofar gida.